KWAMFUTAR DA KE MUTUWA DA AN JONA TA DA WUTA: INA LAIFIN YAKE?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen wata na ƙungiya, a madadin masu sayar da kayan wuta na Sabon Badun



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, samari da sauran jama'a, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, sai mu fara da neman afuwa, domin kuwa mu da aka ɗora wa wannan bayani ba injiniyoyi ba ne. Iyakacin karatunmu na Islamiyya ne, daga nan sai kasuwa. Amma fiye da shekara 20 ke nan muna safarar waya da soket da caja da sitabilaiza tsakanin Ikko da nan Badun, kuma wanda ya daɗe a bakin rijiya ba zai rasa sanin zurfinta ba. Abin da idonmu ya gani, hannunmu kuma ya taɓa, shi za mu faɗa.

ABIN DA YA JAWO MAGANA

Duk wanda ya halarci taron lissafin shekara ya ga abin da ya faru. Sakatare ya buɗe kwamfutar ƙungiya, irin ta tafi-da-gidanka wadda yara ke kira laftof, zai karanta mana kuɗin wata-wata da na asusun marasa lafiya da na jana'iza. Batir ya yi ƙasa, ya jona caja, nan take allo ya yi baƙi ƙirin. Ya zare caja, ya kunna, ta tashi lafiya lau. Ya sake jonawa, ta sake mutuwa. Sau uku ana haka, har aka tashi taro ba a karanta ko kwabo ba.

To jama'a, ba za mu ɓoye ba, kafin a kai ƙofa an fara ƙananan maganganu. Wani ya ce yaya za a yi na'ura ta mutu saboda an ba ta wuta, alhali wuta ce abincinta? Wani ya ce ai dabara ce don kada a ga lissafi. Washegari aka kai ta wurin wani mai gyara, bai ko kwance ta ba ya ce babban farantin ciki ne ya ƙone, wanda suke kira bod, ya yanka kuɗin da ya kusa rabin na sayen wata. Daga nan ne shugaba ya ce a miƙa mana ita mu duba tukuna. Mun duba, mun gano, yau kuma za mu faɗi yadda muka bi, saboda a yanzu da wuya ka shiga gida biyar a Sabo ba ka tarar da laftof ba: ta ɗan makaranta, ta ɗan canji, ta mai shagon buga takardu. Abin da ya sami ta ƙungiya yana iya samun ta kowa.

HANYAR DA WUTA KE BI

Kafin a nemi laifi sai an san hanya. Wutar da ke cikin bangonmu, wadda har yau muke kira wutar nepa ko da yake an sauya wa hukumar suna tun 2005, a ƙa'ida ƙarfinta bolt 230 ne, tana kaiwa tana komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Laftof ba ta cin irin wannan wuta. Aikin caja shi ne ta karɓe ta, ta rage ta, ta mai da ita mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir, yawanci bolt 19 ko 19.5 ko 20. Daga caja sai ta bi waya zuwa bakin caji na jikin kwamfuta, daga nan zuwa wani ɗan yanki a kan bod wanda ke raba ta biyu: rabi aiki, rabi cika batir.

Ga wurin da ya kamata a riƙe da kyau. Lokacin da kwamfuta ke kan batir, tattali take yi: ta rage hasken allo, ta rage gudun ƙwaƙwalwarta. Da zarar ta ji an jona caja, sai ta saki batir ta koma kan caja, ta ƙara haske, ta ƙara gudu, sannan ta fara cika batir, duk a lokaci ɗaya. Wato lokacin jonawa shi ne lokacin da kaya ya fi nauyi. Kamar mota ce da ke tafiya sumul a shimfiɗaɗɗen titi, sai an zo hawan tudun Mokola da lodi sannan a san inda take da rauni. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kwamfuta ta yi aiki a kan batir, ta mutu a kan caja.

Ke nan wuraren da laifi ke iya ɓuya shida ne: bango, caja, bakin caji, batir, zafi, sai bod. Ƙa'idarmu ita ce a fara daga bango a nufo ciki, domin na waje shi ne mai sauƙin gwaji da araha, na ciki shi ne mai tsada. Wanda ya fara da bod ya fara daga ƙarshe.

TAMBAYA UKU KAFIN A TAƁA KOME

Ta farko, yaushe take mutuwa? In nan take ne da jonawa, a zargi caja ko bakin caji ko batir ko bod. In kuwa sai ta yi minti biyar ko goma, fanka na ihu, ƙasanta ya yi zafi, to zafi ne ya fi kusa.

Ta biyu, a ina take mutuwa? In a gida kawai ne, a shago ba ta yi, ko kuwa sai a kan janareta, to kwamfuta ba ta da laifi, a koma wa bango.

Ta uku, me ya canza kwanan nan? An sayi sabuwar caja? An ari ta maƙwabci? Ta faɗi? Yaro ya yi tuntuɓe da waya? Ruwa ko shayi ya zuba? Sau da yawa amsar na nan, sai dai mai kaya ya manta ko yana jin kunyar faɗi.

BANGO DA JANARETA

Mutane da yawa da sun ga ƙwan fitila ya yi ja sai su ce wuta ba ƙarfi, ita ce ta kashe kwamfuta. A juya bayan caja a karanta: an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240. Ma'ana, ko wuta ta sauko 180 ko 160, caja ta ƙwarai za ta yi aikinta. Abin da caja ba ta so shi ne wuta mai tsalle da wuta mai yankewa. Soket da ya saki, ka sa filogi ka ji tsat-tsat, ko ka ga bakinsa ya yi baƙi, wannan yana ɗauke wuta yana dawo da ita sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Haka ekistanshan mai siririyar waya da aka jona masa firji da dutsen guga da kwamfuta gaba ɗaya.

Sai ƙaramin janaretan nan da Kudawa ke kira na-fi-maƙwabcina. Yawancinsu ba su da abin daidaita wuta a ciki. In firji ya tashi, wuta ta faɗi. In mai ya kusa ƙarewa inji ya fara tari, wuta ta riƙa hawa da sauka. Don haka a zare caja kafin a tada inji, a bar shi ya daidaita kamar minti biyu, a kuma zare kafin a kashe. Haka nan in an dawo da wutar nepa, kada a yi gaggawar jonawa. Gwajin bango kuwa mai sauƙi ne: a ɗauki kwamfuta da cajarta a kai wani gida, a jona kai tsaye a bango ba ta ekistanshan ba. Mun yi haka da ta ƙungiya a shago biyu, ta mutu a duka biyun. Sai muka wanke bango, muka matsa gaba.

CAJA, INDA AKA FI SAMUN ƁARAWO

A ƙasan kowace laftof, ko a ƙarƙashin batir, an rubuta bolt da amfiya da take bukata. A jikin caja ma an rubuta abin da take bayarwa. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato ƙarfin caja. Alal misali, 19.5 sau 2.31 ya ba da wat 45, 19.5 sau 3.33 ya ba da wat 65. 20 sau 3.25 shi ma 65 ne, 19.5 sau 4.62 kuwa wat 90. Doka biyu ce a nan. Bolt dole ya zama daidai da na kwamfuta. Wat kuwa ya yi daidai ko ya fi, amma kada ya gaza. Cajar wat 90 ba ta cutar da kwamfutar wat 65, domin abin da take bukata kaɗai za ta ja. Amma cajar wat 45 a kan kwamfutar wat 90, jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

Kada kuma wani ya ce ai bakin ya shiga. Shigar baki ba shaida ba ce. Cajojin HP da Dell masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar da aka ba ta. In allurar ta lanƙwashe ko ta karye, kwamfuta na iya ƙin caji ko ta rage gudu, in kuma ta taɓa gefen bakin tana iya jawo ɓarna a kan bod. Sababbin kwamfutoci masu bakin USB-C, irin na wayoyin yanzu, su ma haka ne: cajar waya za ta shiga, amma ba kowace ke iya ba da bolt 20 da laftof ke nema ba.

A bi waya da yatsa tun daga filogi har baki, musamman inda ta fito daga akwatin caja da inda ta shiga baki, nan ne take karyewa ta ciki saboda naɗe ta da ƙarfi. A kuma lura da 'yar fitilar caja in tana da ita. In fitilar na ci, amma da an soka a kwamfuta sai ta mutu, alama ce cewa wuta na haɗuwa a gaba, ko a bakin caji ko a kan bod, ko kuwa cajar ce ba ta iya ɗaukar kaya. Mitar awon wuta tana taimako, amma a sani caja marar kyau na iya nuna 19.5 cif lokacin da ba ta ɗauke da kome, sai an ɗora mata aiki ta durƙushe. Gwajin da ya fi kowane shi ne a aro caja ta asali, wadda aka tabbatar tana aiki a kan kwamfuta irin taka. Muna kuma gargaɗi: kada kowa ya fasa akwatin caja, akwai abin da ke riƙe wuta fiye da bolt 300 a ciki ko bayan an zare ta daga bango.

A nan muka kama na farko. Cajar ƙungiya an rubuta mata wat 90, amma da muka ɗauka a hannu ba ta fi fankon ashana nauyi da yawa ba, rubutun jikinta ma ya karkace. Da muka tambaya sai ta bayyana cewa ta asalin ta ɓace wata huɗu da suka wuce, aka aiki yaro ya sayo wannan a bakin titi. Araha ba ta ado, jama'a. Mu masu sayarwa ma sai mu ji tsoron Allah: in jabu ce a gaya wa mai saye jabu ce, a bar shi ya zaɓa da saninsa.

BATIR DA BAKIN CAJI

In batirin na cirewa ne ta waje, a kashe kwamfuta, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don sauran wutar ciki ta fita, sannan a jona caja kaɗai a kunna. In ta tsaya da ƙafarta, batir ne mai laifi. In batirin na ciki ne, kamar yadda yawancin na yanzu suke, a bar wa mai gyara ya zare shi. Mai Windows kuma yana iya buɗe wurin rubuta umarni ya rubuta powercfg /batteryreport, kwamfuta za ta fitar da rahoto mai lamba biyu: abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da abin da yake iya ɗauka yanzu. Na ƙungiya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Kun ga yadda abin ya haɗu. Caja ta durƙushe da an ɗora mata kaya, batirin da ya kamata ya tare kafin kwamfuta ta faɗi shi ma ya tsufa, ga shi ranar taro ya riga ya yi ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In aka ga wurin da ake goga yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe da kansa, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take. Kada a danne shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, domin batirin litiyam in ya kama wuta kashe shi aiki ne. Shi kuwa bakin caji, a girgiza kan caja a hankali: in yana rawa, ko caji na zuwa yana ɗaukewa, ko ana jin ƙauri, ya saki. A kwamfutoci da yawa ɗan guntu ne mai wayarsa daban, canza shi ba ya kai ko kusa da kuɗin bod.

ZAFI DA ƘURA

Mun ce a kan caja kwamfuta na ƙara gudu, gudu kuwa zafi ne. An ƙera ƙwaƙwalwarta ta yadda in zafi ya doshi digiri 100 za ta rage gudu, in abin ya faskara ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ta bakin titi tana taruwa a bakin fanka ta zama kamar auduga, kyankyasai ma suna son ɗumin ciki. Ga kuma al'adar ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, a toshe mata hanci. A ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a kai a share fanka, in ta tsufa a canza man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi.

Akwai wani gwaji da ke raba gardama tsakanin laifin ƙarfe da na Windows. Da an kunna, a riƙa danna F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad, sai a shiga shafin BIOS, inda Windows bai tashi ba tukuna. A jona caja a nan. In ta mutu, laifin a jiki yake, sake zuba Windows ɓata kuɗi ne. In ba ta mutu ba sai bayan Windows ya tashi, a duba saitin wuta, a mai da shi yadda ya zo, a rage gudun ƙwaƙwalwa na lokacin caji a gani. In ragewar ta sa ta tsaya, to caja ko zafi ko bod ne ke kasa ɗaukar kaya.

IN DUK AN WANKE SU, SAI BOD

Ba mu ce bod ba ya lalacewa ba. Yana yi, musamman bayan tsawa ko wuta mai tsalle. Amma ko a nan, sau da yawa ƙwaya ɗaya ce ko biyu a sashen caji, ba dukan faranti ba. Tsofaffin masu gyara sun san labarin wasu Toshiba Satellite da aka ƙera wajen 2007 zuwa 2009, irin su A200 da A300 da L300: lafiya lau a kan batir, da an jona caja sai su daskare ko su mutu. Dalili shi ne wata ƙwaya mai riƙe wuta da ke bayan ƙwaƙwalwa, mai tambarin NEC Tokin, wadda ke rauni in ta tsufa. Gwanaye sukan cire ta su sa ƙanana huɗu a madadinta, kwamfuta ta ci gaba da aiki. Saboda haka in mai gyara ya ce bod, a tambaye shi wane wuri a bod, kuma da me ya auna.

Kafin a miƙa kwamfuta ga kowa, a kwashe abin da ke ciki. Tunda tana aiki a kan batir, wannan dama ce: a fara da kwafe muhimman takardu a filashi kafin a shiga gwaje-gwaje, domin kowace mutuwar farat ɗaya tana iya lalata abin da ake cikin rubutawa. Mu ma da haka muka fara. Sannan a yi ciniki kafin a kwance, a ce kuma a dawo da duk abin da aka cire.

KAMMALAWA

Kwamfutar ƙungiya ga ta nan a gabanku. Caja ta asali muka saya mata, da sabon batir, aka share fanka. Ba a taɓa bod ba. Mun bar ta a jone kwana uku tana aiki, ba ta ko yi tari ba. Lissafi kuma yana nan cif, masu binciken kuɗi sun gwada shi da rasit, babu abin da ya yi ciwon kai.

Muna ba ƙungiya shawara uku. A rubuta sunan ƙungiya a jikin caja, kada a ba da aronta. A riƙa buga lissafi a takarda kowane ƙarshen wata, kwafi ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji, filashi kuma a wani gida daban. Sannan kada a yar da tsohon littafin rajista. Iyayenmu da suka zauna a Sabo tun 1916 da alƙalami da takarda suka riƙe amanar fatake, ba ta taɓa mutuwa don an ɗauke wuta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, akwai bashin da ke kanmu duka. Bawan Allahn nan sakatare ya yi sati biyu yana shiga masallaci kansa a sunkuye saboda cajar bakin titi. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba. Duk wanda ya san bakinsa ya furta wani abu, ya same shi ya nemi gafara, mu ma a madadin 'yan kasuwa muna nema. Wanda kuma ke da kwamfuta mai irin wannan ciwo, ya kawo ta da cajarta shagon kowane ɗayanmu bayan La'asar, za mu gwada masa da caja ta asali kyauta kafin ya je wurin mai gyara.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana, masana kuma su gyara. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara mana haɗin kai da zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.